Faɗin "ƙaddara ce" ba ya goge haƙƙi: darasi kan diyyar ma'aikacin da sakaci ya naƙasa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, darasinmu na wannan karon ya taso ne daga wata tambaya da aka kawo mana bayan an tashi daga zikirin Juma'a. Wani saurayi ne mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, yana aiki a injin niƙa na wani bawan Allah a unguwarsu. Murfin da ke rufe bel ɗin injin ya karye tun kafin azumi. Ya faɗa wa maigidansa sau biyu, na biyun ma a gaban mutane, maigida ya ce a dakata sai an samu sarari. Ran nan da hantsi, mata sun jeru da kwanukan gero, sai bel ya kama bakin hannun rigarsa ya fizgi hannun. Yatsu huɗu na hannun dama suka tafi, babban yatsa kaɗai ya rage.

Maigida bai gudu ba, a faɗi gaskiya. Shi ya kai shi likita, shi ya biya kuɗin magani, daga baya ya aiko da buhun gero da jika 50. Daga nan magana ta mutu. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Sannu, ƙaddara ce, Allah Ya sa kaffara ne." Da ciwo ya warke ya koma bakin aiki, sai ya tarar an sa wani yaro. Ba ya iya ɗaga kwano cike da hannu ɗaya, ba ya iya riƙe hauya da damina. Wanda ya kawo tambayar ma ba shi ba ne, ƙanin mahaifinsa ne, don shi kunya ta hana shi: shi da maigidan sahu ɗaya suke tsayawa, kuma maigidan ya girme shi nesa ba kusa ba. Tambayar ita ce: shin akwai sauran haƙƙi, ko kuwa kuɗin magani da buhun gero sun rufe magana?

Akwai sauran haƙƙi, kuma mai nauyi ne. Amma sai mun bi a hankali, don mas'alar tana da wuraren zamewa ta ɓangarorin biyu.

Ƙaddara gaskiya ce, amma ba hujjar mai sakaci ba ce

Babu wanda yake musun cewa abin da ya samu hannun wannan yaro rubutacce ne tun kafin a haife shi. Wannan imani shi ne yake sanyaya zuciyarsa, ya hana shi hauka don baƙin ciki. Sai dai kalmar "ƙaddara ce" magani ce ga wanda abin ya sama. Idan wanda ya jawo abin ya ɗauke ta ya yi garkuwa da ita, ya sa ta inda ba muhallinta ba. Ku duba Suratun Nisa'i aya ta 92: Allah Maɗaukaki Ya wajabta diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure. Kuskure fa, ba ganganci ba. Wanda aka kashe ajalinsa ne ya zo, amma hakan bai ɗauke diyyar ba. Da ƙaddara tana goge lamuni, da babu babin diyya a littattafan fiƙihu gaba ɗaya.

Malamai sun bambanta abu biyu da mu muke cakuɗawa: zunubi da lamuni. Mai kuskure ana ɗauke masa zunubin nufi, amma ba a ɗauke masa biyan abin da ya ɓata. Wanda ya yi tuntuɓe ya fasa tulun maƙwabci bai yi zunubi ba, amma zai biya tulu. To ina ga wanda aka gargaɗe shi sau biyu ya yi biris? Wannan ya wuce kuskure tsantsa, ya shiga abin da malamai suke kira tafriɗi, wato sakaci da abin da ya wajaba mutum ya kula da shi.

Hadisin rijiya da mahaƙa

Akwai hadisi ingantacce a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, daga Abu Huraira (Allah Ya ƙara masa yarda), wanda ma'anarsa ita ce ɓarnar dabba da ta rijiya da ta ramin haƙar ma'adini ba a biyansu. Na sha jin masu gida suna kafa hujja da shi, musamman tun da haƙar zinariya ta yawaita, daga Jado a 2014 har zuwa ƙasar Ɗan Isa a jihar Maraɗi, inda rami ya rufta a watan Nuwamba na 2021 mutane aƙalla 18 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ya kamata mu fahimci abin da hadisin yake nufi.

Masu sharhi sun ce: idan ka ɗauki baligi mai hankali, wanda ya san aikin, ya haƙa maka rijiya ko ya yi maka aiki a rami, ƙasa ta rufta masa ba tare da wani laifi daga gare ka ba, to babu diyya a kanka. Haɗarin yana cikin jikin aikin, shi ma ya san da shi ya shiga. Wannan adalci ne, kuma kariya ce ga masu ɗaukar ma'aikata. Ba kowane rauni a wurin aiki ne yake zama bashi a kan maigida ba a hukuncin fiƙihu.

Amma Imamu Malik (Allah Ya yi masa rahama) da kansa, a cikin babin diyyoyi na Muwaɗɗa, ya sa wa wannan iyaka. Ya bayyana cewa wanda ya haƙa rijiya ko ya ɗaure dabba a hanyar Musulmi inda ba a yarje masa ba, shi zai ɗauki abin da ya faru. Ya kuma ce idan mutum ya umarci ƙaramin yaro ya shiga rijiya ko ya hau bishiyar dabino, yaron ya halaka ko ya ji rauni, wanda ya umarce shi ne mai lamuni. Ina roƙon masu gareji da masu walda da kafintoci da magina su tsaya a kan wannan. Yara nawa ne 'yan shekara goma sha biyu, goma sha uku, muke turawa ƙarƙashin mota an ɗaga ta da jak babu abin tokarewa, ko mu ba su injin yankan ƙarfe babu abin kare ido? Aparanti ƙarami ba shi da yardar da za a ce ya yarda da haɗari. Abin da ya same shi cikin aikin da ka sa shi mai haɗari yana wuyanka.

Mas'alar da ta fi kama da ta injin niƙan nan ita ce ta katangar da ta karkata. A Mukhtasar na Shehu Khalil an kawo cewa mai katangar da ta karkata, aka gargaɗe shi, kuma yana da lokaci da halin gyarawa bai gyara ba, idan ta faɗa wa mutum shi zai lamunce. Sharuɗɗa uku ke nan: aibi bayyananne, gargaɗi, da ikon gyarawa. Murfin bel ya karye, an faɗa sau biyu, kuma gyaransa bai kai kuɗin niƙan kwana biyu ba. Duka ukun sun cika. Haka Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce mai kora dabba da mai janta da mahayinta suna lamunce abin da ta taka, wanda daga nan ne malaman zamani suka gina hukuncin direba da mai babur. Wanda ya san birkin kamiyonsa ba ya kamawa ya ce wa yaron mota "ku je a haka," ya san matsayinsa.

Wani zai ce: ai shi ma yaron ya san murfin ya karye, me ya sa ya ci gaba da aiki? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma alƙali zai dube ta. Ƙa'idar ita ce idan wanda ya aikata abu da hannunsa ya haɗu da wanda ya zama sanadi kawai, ana fara ɗora hukunci a kan mai aikatawa. Idan aka tabbatar ma'aikaci ne ya cire murfin da kansa don aiki ya yi sauri, ko yana cikin maye na ƙwaya, ko an ba shi abin kariya ya ƙi sawa, to haƙƙinsa zai ragu ko ya faɗi, kuma bai halatta ya ɓoye wannan ba. Amma wanda ya yi abin da yake iyawa, ya kai ƙara wurin mai injin, aka ce ya ci gaba, kuma idan ya ƙi aiki gidansa ba za a ɗora tukunya ba, a fahimtata ba a ce masa ya jefa kansa. Mai injin ne yake da ikon gyara, shi ne kuma yake kwashe ribar injin. Wanda yake cin amfanin abu shi yake ɗaukar asararsa.

Nawa ne hannu?

Mutane da yawa suna zaton diyya ta rai ce kaɗai. Ba haka ba ne. Takardar da Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru ɗan Hazam lokacin da ya aike shi Najran, wadda Imamu Malik ya buɗe babin diyyoyi da ita, ta ƙayyade rai raƙuma 100, hannu 50, ƙafa 50, ido 50, kowane yatsa 10, kowane haƙori 5. Raunin kai da ya bayyana ƙashi raƙuma 5, wanda ya kai ga fatar ƙwaƙwalwa sulusin diyya, haka wanda ya huda ciki. A mazhabarmu masu zinariya suna biyan dinari 1,000 a madadin raƙuma 100, masu azurfa kuma dirhami 12,000.

Mu yi lissafi. Dinarin shari'a ana ƙiyasta shi da giram 4.25 na zinariya. Yatsa ɗaya dinari 100 ne, wato giram 425. Nisabin zakka dinari 20 ne, ke nan yatsa ɗaya ya yi nisabi biyar. Yatsu huɗun saurayin nan dinari 400 ne, kilo 1 da giram 700 na zinariya. Idan aka bi ta azurfa kuwa dirhami 4,800 ne, kimanin kilo 14, kuma a farashin yau hakan ya yi ƙasa da na zinariya sosai, shi ya sa masu sulhu da yawa suke karkata can. Ko ta wace hanya aka bi, ku auna wannan da buhun gero da jika 50.

Abin da ya kamata mu lura da shi a nan, don shi ne zuciyar darasin: shari'a ba tsokar nama take biya ba, amfanin gaɓar take biya. Hannun da yake nan a jiki amma ya shanye, diyyarsa cikakkiya ce kamar an yanke shi. Shehu Khalil ya jera abubuwan da gushewarsu take wajabta diyya cikakkiya ta rai, daga ciki akwai hankali, da ji, da gani, da magana, da ikon tsayuwa da zama. Magini ya faɗo daga bene bayansa ya karye ya kasa miƙewa: babu gaɓar da ta fita daga jikinsa, amma an raba shi da abin da yake nema da shi. Haka kuma mai ido ɗaya, idan aka ɓata masa wanda ya rage, a wurin Malikiyya diyya cikakkiya ce ba rabi ba, domin ganinsa duka aka tafi da shi.

Inda kuma babu adadi ƙayyadadde, kamar ƙashin da ya ɗoru a karkace ko tabon ƙuna da ya riƙe gaɓa, sai a koma ga abin da fuƙaha'u suke kira hukuma. Ba hukumar gwamnati ba, ƙiyasin masana ake nufi. A da ana ƙaddara mutumin kamar bawa, a yi masa kuɗi yana lafiya a yi masa kuɗi da aibin, sai a ɗauki gwargwadon raguwar daga cikin diyya. Idan ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, a ba shi kashi 10 na diyya. Bauta ta wuce, alhamdu lillahi, amma tunanin yana nan: nawa wannan rauni ya rage wa mutum daga ƙarfinsa na aiki? Abin da likita yake rubutawa yau da sunan kason naƙasa ɗan'uwan wannan ne. Ibn Arafa na Tunis, daga manyan Malikiyya, ya kyautata ra'ayin cewa a raunin da ba shi da adadi ƙayyadadde mai laifi ya biya ladan likita da kuɗin magani.

Sannan akwai ƙa'ida mai amfani ƙwarai a Risala: ba a yanke diyyar rauni sai bayan ya warke. Dalili a fili yake. Raunin da aka ga kamar ƙarami yana iya rurawa a yanke hannu bayan wata biyu. Don haka sulhun da ake yi a bakin gadon asibiti, mutum yana cikin zafin ciwo an miƙo takarda ya dangwala, ya saɓa wa wannan tsari. A ba shi abin da zai riƙe gidansa yanzu, a ajiye lissafin ƙarshe sai likita ya ce ciwo ya tsaya inda zai tsaya.

Yatsan tela da yatsan ɗan kasuwa

Ga wurin da mas'alar take da wuya, ba zan ɓoye muku ba. Diyyar da aka ƙayyade ba ta duba sana'a. Yatsan sarki da na talaka ɗaya ne, kuma a hadisin Ibn Abbas a Bukhari an daidaita ƙaramin yatsa da babba. Hikimar a bayyane take: ba a son a riƙa yi wa jikin ɗan Adam ciniki gwargwadon arzikinsa. Amma a rayuwa mun san cewa ɗan kasuwan da ya rasa yatsu biyu gobe zai buɗe shagonsa, tela ko makaniki ko mai ɗinkin hula kuwa ta yiwu sana'arsa ta ƙare ke nan. Asarar abin da mutum zai samu nan gaba ba ɗaya ba ce.

Dokar ƙasa ta shigo ta wannan ƙofar. Tsarin biyan haɗarin aiki da muke da shi a Nijar ya samo asali ne daga dokar Faransa ta 1898, wadda aka shimfiɗa irinta a ƙasashen da take mulka a 1957, bayan 'yancin kai kuma asusun CNSS ya ɗauki aikin. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata kare rayukansu da lafiyarsu, kuma ana sanar da haɗarin aiki cikin awa 48. Kuɗin wannan reshe na asusun maigida ne kaɗai yake zubawa, ba a cirewa daga albashin ma'aikaci. Idan haɗari ya faru asusun yana ɗaukar magani, ya biya wani kaso na albashi a kwanakin jinya, sannan idan naƙasa ta zauna a yanka wa mutum kuɗin da zai riƙa karɓa a kai a kai.

Lissafin ya ginu a kan albashi da kason naƙasar da likita ya rubuta. Abin da bai wuce kashi 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 kuma ana ƙara masa rabinsa. Misali, mai ɗaukar jika 60 a wata, likita ya ce ya naƙasa kashi 40: za a ɗauki 20, wato kimanin jika 12 a wata. Idan kashi 70 ne, 50 na farko su zama 25, 20 na sama su zama 30, jimla 55, wato jika 33. Kun ga ba ya mayar da duk abin da aka rasa, amma yana gudana, kuma a wannan tsarin ba sai an tabbatar da laifin maigida ba.

Matsalar ita ce mafi yawan 'yan'uwanmu ba su cikin wannan rajista. Mai injin niƙa, da yaron mota, da lebura a wurin gini, da mai haƙa, da ɗan kabu-kabu da yake tuƙa babur ɗin wani, ba takarda ba lamba. Su ma dokar farar hula, a sashe na 1382 da na 1383, ta ce wanda laifinsa ko sakacinsa ya cutar da wani dole ya gyara ɓarnar, kuma alƙali a nan yana duba abin da mutum yake samu kafin raunin. Ofishin sufeton ƙwadago kuma yana karɓar irin wannan koke. Maigidan da doka ta wajabta masa rajistar ma'aikatansa ya ƙi don ya tsira da 'yan kuɗin wata, ya hana ma'aikacinsa wani haƙƙi tun kafin haɗari ya faru. Wanda ya ɗauki ma'aikaci a ƙasa ya ɗauke shi ne bisa sharuɗɗan da aka sani a ƙasar, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu matuƙar ba su halatta haram ba. Ba na ganin yadda mutum zai ce wannan dokar Nasara ce ba ruwansa, alhali bai biya ta Musulunci ba wadda ta fi ta tsada.

Ba a haɗa biyu a kan rauni ɗaya, wannan ma a sani. Abin da asusu ko inshora ya biya ana sa shi cikin lissafi, sai a duba abin da ya rage.

Wa zai biya?

Da jin kilo ɗaya da ɗoriya na zinariya, mai injin zai ce ko an sayar da ni da injin ba za a haɗa ba. Gaskiya ne, kuma shari'a ta san da haka. Shi ya sa diyyar kuskure idan ta kai sulusi ba a kan mutum ɗaya take ba, a kan aƙila take, wato danginsa maza na wajen uba, kowa gwargwadon ƙarfinsa, kuma ana biya kashi-kashi: cikakkiya cikin shekara uku, sulusi cikin shekara ɗaya, rabi cikin shekara biyu. Abin da bai kai sulusi ba kuwa daga aljihun mai laifi yake fita. Sulusi dinari 333 ne da ɗan ɗori. Ke nan yatsu uku, dinari 300, a kan maigida shi kaɗai. Yatsu huɗu, dinari 400, sun hau kan dangi. Aƙila ba ta ɗaukar ganganci.

Yau dangi sun warwatse, wani yana Agadas wani yana Kano wani yana Libiya, kuma babu alƙalin da zai tattara su. Amma ma'anar aƙila taimakekeniya ce. Sayyidina Umar (Allah Ya ƙara masa yarda) ya mayar da ita kan mutanen diwani ɗaya, wato waɗanda sunayensu suke rajista ɗaya ta albashi, kuma Shehu Khalil da diwani ya fara kafin dangi. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Dubai a 2005, ta yarda cewa idan babu aƙila ta dangi, inshorar taimakekeniya da ƙungiyoyin masu sana'a ɗaya da asusun ma'aikata suna iya tsayawa a matsayinta. Masu injin niƙa suna da ƙungiya, direbobi suna da sandika, mahauta suna da sarkin fawa. Mu ma muna tara kuɗin Maulidi da na ziyara cikin 'yan makonni ba tare da kowa ya ji nauyi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wannan karon karin maganar ta faɗa daidai a kan mai ita.

Yafiya, da abin da yake kama da ita

Na san abin da wasu za su ce: tsakanin 'yan'uwa ai yafiya ta fi. Haka ne, Allah Ya yabi mai yafe rauni a Suratul Ma'ida aya ta 45, Ya sanya hakan kaffara a gare shi. Amma yafiya sadaka ce, kuma mutum ba ya sadaka da abin da bai san ya mallaka ba. Wanda ba a taɓa gaya masa cewa yatsunsa suna da diyya ba, ya ce "na yafe," me ya yafe? Wanda kuma aka tara masa dattawa biyar da limami, kowa yana cewa "haba ɗana, kai da babanka," ya sunkuyar da kai ya ce ba komai, bakinsa ne ya yafe. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Imamu Gazali a Ihya ya yi bayani cewa abin da aka karɓa daga mutum saboda kunyar idon jama'a hukuncinsa kamar na ƙwace ne, domin bulalar kunya a zuci ba ta gaza bulalar fata ba. Mu masu shiga tsakani mu ji tsoron Allah: sau da yawa muna zuwa ne don mu kashe magana, ba don mu fitar da haƙƙi ba, kuma kullum mai rauni muke lallashi don shi ya fi sauƙin lanƙwasawa.

Idan wanda aka raunata yaro ne, uba ko waliyyi ba shi da ikon yafe diyyarsa kyauta, domin dukiyar yaron ce ba tasa ba. Abin da aka yarje masa shi ne duba maslahar yaron, kuma ba a sauka ƙasa da cikakken adadi sai idan mai laifin ba shi da hali.

Ga maigida kuwa, Risala ta lissafa mayar da haƙƙoƙin mutane cikin tuba. Istigfari dubu yana wanke abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin bawa yana jiran mai shi. Hadisin da Muslim ya ruwaito kan mafalisin wannan al'umma sananne ne: mutum ya zo da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗiban ladansa ana ba waɗanda ya cuta har ya ƙare. Mai neman tsarkin zuciya da ya bar hannun wani a cikin injinsa bai daidaita ba, ya duba da kyau abin da yake ɗauke da shi zuwa wurin wuridi.

Abin da muka ba su shawara

Mun ce wa ƙanin mahaifin ya fara samo takardar likita mai nuna kason naƙasa, sannan a zauna da malami masanin fiƙihu da wani wanda ya san dokar ƙwadago, a gaya wa ɓangarorin biyu adadin gaskiya a fili kafin a fara maganar rangwame. Bayan kowa ya ji, sulhu halal ne a kan abin da aka yarda, kuma a nan ne ake iya shigar da abin da adadin diyya bai duba ba, wato sana'ar mutum da yawan bakin da yake ciyarwa. Kuɗi a dunƙule sukan narke cikin wata uku, tsakanin bashi da 'yan'uwa masu buƙata. Abin da ya fi shi ne a raba biyu: jari da zai kafa abin da hannu ɗaya yake iyawa, kamar teburin kayan masarufi ko sayar da gari a bakin injin, da kuma wani adadi duk wata na shekarun da aka ambata. Idan akwai aiki mai sauƙi a wurin, kamar karɓar kuɗi da auna hatsi, shi ya fi cancanta da shi, amma ladan wannan aikin ladan guminsa ne, kada a lissafa shi cikin diyya.

A rubuta komai, kamar yadda ayar bashi a ƙarshen Baƙara ta yi umarni, da shaidu biyu waɗanda ba yaran maigida ba. A rubuta abin da aka riga aka bayar, da abin da ya rage, da ranar biya. A rubuta cewa idan maigida ya rasu kafin ya gama, saura bashi ne da za a fitar daga dukiyarsa kafin rabon gado, idan kuma ya sayar da injin bashin bai bi injin ba, yana nan a kansa. Kowane ɓangare ya riƙe kwafi, a ajiye na uku wurin limami ko mai unguwa.

Sannan mun tambaya ko an gyara murfin bel ɗin. Aka ce har ranar da aka kawo tambayar ba a gyara ba, kuma yaron da aka sa a gurbinsa bai kai shekara goma sha biyar ba. Mun aika a gaya wa maigidan, a gaban shaidu, cewa wannan shi ne gargaɗi na uku.

Wallahu a'alamu.